Masaukin Maiwada na Bakin Kogi

Duk wanda ya yi shekara guda a unguwar Jurf ta Madina ya san Maiwada, in bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Direba ne a gidan wani Balarabe, amma in ka saurare shi a bakin masallaci bayan la'asar sai ka rantse shi ya ɗauki Balaraben aiki. Ba ƙasar da bai taka ba, ba sana'ar da bai iya ba. Ni Jabir maƙwabcinsa ne, ƙofa na kallon ƙofa, shekara bakwai ina shan wannan azaba. Saboda haka abin da zan faɗa ba a majalisa na tsinta ba, a gaban idona aka yi shi.

Muna da ƙungiya ta Hausawa mazauna Jurf da Bani Harisa. Malam Sharfaddeen, malami a jami'a, mutum mai sanyin hali, shi ke shugabancinta. A al'adarmu, Asabar ɗin da zaɓe ke biye da ita ana fita kashta, wato yinin shan iska a bayan gari, kuma mai neman kujera shi ke shirya fitar don jama'a su ga kamun ludayinsa. Maiwada kuwa kujerar nan yake so kamar ransa. Tun kafin a sa ranar zaɓe ya sayi alkyabba mai bakin zinariya, ya kuma aika gida Yawuri cewa a fara kiransa Ra'is, wato shugaba.

Da bazarar bara maigidansa ya kai iyalinsa hutu Kenya. Maiwada ya kai su filin jirgi, bayan sati biyu ya ɗauko su. Iyakar tafiyarsa ke nan. Amma sun manta wata takarda mai hotuna a kujerar baya, ta wani masauki a bakin kogi, ga bukkoki, ga giwaye na shan ruwa. Tun daga ranar ba ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da muka je Kenya."

Ranar taro a falon Malam Sharfaddeen, maza a nan, mata a bayan labule, Maiwada ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, shekara nawa muna kashta iri ɗaya? A shimfiɗa darduma, a ci kabsa, a watsar da leda, a dawo gida. Khalas! Bana safari zan kai ku. Masauki a bakin kogi, irin wanda ba ya cutar da muhalli. Ba leda, ba janareto, ba hayaƙi. Ku zauna kuna shan shayi namun daji na wucewa."

Daga bayan labule Hajiya Bara'atu, wadda harshenta ya fi almakashi, ta ce, "Wane kogi kuma a Madina, ya Maiwada? Ko daga Yawuri za a yo mana kargonsa?"

"Hajiya, kogi yana nan. Ruwan ne kawai bai iso ba. An ce za a yi ruwa ranar Asabar, kin ga magana ta ƙare."

Ya kwatanta wurin: wani kwari ne yamma da gari, tafiyar kusan awa guda, tsakanin duwatsu. Sai Baba Maigandi ya ɗago kai. Mutumin Tawa ne, shekara talatin yana kiwon raƙuman Larabawa a wannan yanki.

"Maiwada, wurin ga da kaka faɗi cikin wadi na, hanyar ruwa ta. Ko raƙumi ba shi kwanciya nan in da hadari bisa duwatsu. Ruwan ƙasar ga ba shi sallama."

Maiwada ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro. "Baba, kai raƙumi ka sani, ni ruwa na sani. Kakana Sarkin Ruwa ne a Yawuri. A gidanmu yaro yana iyo kafin ya yi rarrafe. Kogi taƙi ɗaya yake hawa a yini. Ka kafa kara a bakinsa, ka riƙa dubawa, shi ke nan. Ilimi ne, Baba."

"To," in ji Maigandi, ya koma jan carbinsa.

Matarsa Innayatu haifaffiyar Madina ce. Ta cikin bango na ji ta tana cewa, "Ya Abu Yasmin, sail, ambaliyar kwari, ba wasa ba ne. Wallahi yana ɗaukar mota da mutanenta." Na ji shi ya ce mata ita ko ƙorama ba ta taɓa gani ba, ta bar wa masu abu abinsu.

Asabar da hantsi muka isa, mu wajen arba'in. A bakin titi ya tare mu, sanye da kakin soja wanda ya fi ƙarfinsa, da malafa, da tabaron hangen nesa rataye a wuya. Ya ce a ajiye motoci a nan, hayaƙinsu yana ɓata wa namun daji rai. Haka muka saɓi kaya muka gangara cikin yashi, tafiya mai nisa, Hajiya Bara'atu na ɗingishi tana karanto masa tarihin danginsa.

A ƙofar masauki, wato sanduna biyu da aka ɗora wa allo, ya ajiye kwando.

"Kowa ya saka jawwal ɗinsa a nan. A Kenya haka ake yi. Sai ka rabu da waya kake jin maganar daji."

Ya karɓe wayoyi, ya karɓe robobin ruwa, ya ce leda ce, haram a wurinsa. Ya nuna mana wata sabuwar randa ya ce ga ruwan gargajiya. Na sha, na ji kamar na tauna bulo.

Masaukin kuwa bukkoki biyar ne na ganyen dabino, an jera su a tsakiyar kwarin inda yashi ya fi laushi. Kowace da sunanta: Ɗakin Zaki, Ɗakin Giwa, Ɗakin Damisa. Hajiya Bara'atu ta ce ita Ɗakin Giwa take so. Ta dafa shi don ta cire takalmi, giwa ta kwanta.

"Iska ce," in ji Maiwada.

"Iskar ubanwa? Ko mayafina bai motsa ba."

Muka ce to ina kogi? Ya ja mu gaba kaɗan ya nuna wani wuri mai danshi. Ashe da sassafe ya sa motar ruwa ta juye tanki guda don a samu na somin taɓi, yashi ya shanye kafin direban ya juya. Abin da ya rage bai fi inda aka wanke tukunya ba. A kan danshin ga kututturen dabino an fafe masa baki an zana haƙora da farin fenti. A gefensa ga kara a tsaye, an ɗaura masa jan ƙyalle taƙi-taƙi.

"Wannan kada ne," in ji Maiwada. "Na wucin gadi. Wannan kuma ma'aunin kogi."

Malam Sharfaddeen ya ce a hankali, "Akhi Maiwada, tankin ruwa guda a yashi, shi ma cikin kare muhallin ne?"

"Malam, ka bari sai an gama ka yi tambaya."

Daga nan aka shiga safari. Ya jera mu, ya ce a yi shiru, a taka a hankali. Ya kafa tabaro a ido ya duƙa, ya ɗaga hannu.

"Barewa! Guda uku! Kada wanda ya yi motsi, suna da tsoro ƙwarai."

Can gindin dutse ga wasu dabbobi uku an ɗaura musu busassun rassa a ka. Baba Maigandi ya ƙura musu ido, ya sa yatsa a baki ya yi fito. Bareyin Kenya suka amsa da "meee", suka sheƙo a guje suna goga masa kai a gwiwa.

"Awakin uban gidana na," in ji shi. "Shekaranjiya ka ce aron su kakai don biki."

Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Maiwada ya ce ai ko a Kenya sai an fara da ƙananan dabbobi kafin ido ya saba.

Azahar ta yi, muka yi taimama muka yi salla, don ruwan randar ya tsiyaye ta gindi. Yunwa ta fara magana. Muka nufi wurin girki, muka tarar da wani tsohon farantin dish an lulluɓe shi da takardar azurfa, an ɗora tukunya a tsakiya. Da hasken rana zai dafa mana shinkafa. Tun safe kuwa sama a lumshe take. Na buɗe tukunyar, shinkafa na kwance a ruwan sanyi, kowace ƙwaya da ranta.

Hajiya Bara'atu ta riƙe ƙugu. "Tsaya in gane. Kana roƙon hadari don a samu kogi, kana roƙon rana don a samu abinci, duk a yini ɗaya? Wanne kake so a amsa maka?"

"Shuwayya, Hajiya, shuwayya. Girkin muhalli ba ya son gaggawa."

Allah Ya sa Malam Sharfaddeen ya zo da burodin tamis da dabino kwali biyu, bai gaya wa kowa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka zube. Mun miƙa hannu ke nan sai muka ji wani haushi daga saman dutse. Muka ɗaga kai. Birai ne, irin manyan nan masu jan gindi, sun fi talatin, sun jeru suna kallon tabarmar.

Fuskar Maiwada ta washe. "Allahu akbar! Ga su nan! Kwana goma ina zuba musu ayaba a nan. Wa ya ce babu namun daji? Ku zauna, ni na san yadda ake musu magana."

Ya ɗauki ayaba ɗaya ya nufi babbansu, wani gwaggon biri mai furfura a kafaɗa, yana wani gurnani wai yarensu ne. Gwaggo ya dubi ayaba, ya dubi Maiwada. Ya karɓi ayabar da hannu ɗaya, ya fizge malafa da ɗayan, ya ja tabaron har sai da igiyar ta tsinke. Kamar jira sauran suke. Kafin a ce kwabo sun dira kan tabarma. Tamis ya tafi, dabino ya tafi, wani ƙarami ya rungumi tukunyar shinkafa ya leƙa, ya ture ta ya bar mana. Mata na ihu, maza na jifa da takalma, awaki na zagaye da rassa a ka.

"Kun gani?" Maiwada yana haki. "Wasu kuɗi suke biya su ga wannan!"

"Ko biri ya ƙi shinkafarka," in ji Hajiya.

Ana cikin haka kwandon wayoyi ya ɗauki kuka, arba'in a lokaci guda. Innayatu ta ciro tata ta karanta, fuskarta ta canza.

"Ya jama'a, saƙon hukuma ne. An yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, kowa ya fita daga wadi. Tun ɗazu suke turowa!"

Maiwada ya daka tsalle. "Albishirinku! Kogi na hanya! Ku gyara zama ku fuskanci gabar."

Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can nesa dai, bayan duwatsu, sama ta yi baƙi ƙirin. Sai na lura birai sun watsar da tamis sun haye dutse har ƙoli. Awakin ma suka bi su. Baba Maigandi ya karkata kunne, ya jefa carbi cikin aljihu, wannan tsoho da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya kurma ihu.

"Ku hau tudu! Ku bar komi! Yalla, yalla, shina tahe!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Hajiya Bara'atu mai ɗingishi ita ta riga kowa kaiwa sama. Innayatu ta suri kwandon wayoyi, ta ja hannun mijinta, ya fizge. Ya je ya tsaya kusa da karansa ya harɗe hannu.

"Ku dawo! Wane irin ƙauyanci ne wannan? Na ce muku taƙi ɗaya yake hawa a yini! Ku zo ku ga ilimi!"

Sai muka ji ƙara kamar tireloli goma sun taho a jere. Daga kwanar dutse ruwa ya ɓullo, ja wur, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana turo itatuwa da tayoyi da duk ledar da aka taɓa yarwa a wannan kwari. Maiwada ya dubi ruwa, ya dubi kara. Ban san me ya auna ba, na dai ga jikan Sarkin Ruwa ya zuba da gudu ya rungumi wata bishiyar ƙaya ya haye, ko bismilla babu.

Ɗakin Zaki ya wuce. Damisa ta bi shi. Dish da tukunya suka bi sahu, allon ƙofa na biye. Kara kuwa ko gaisawa ba su yi da ruwan ba. Cikin minti biyu babu abin da ya rage na masauki sai mai shi, yana lilo a reshe, ledoji sun maƙale wa bishiyar ta ko'ina, wata baƙa ta naɗe masa a ƙafa.

Da muka ga bishiyar ta kafu kuma ruwan bai kai gare shi ba, hankali ya kwanta. Malam Sharfaddeen ya ce a kira masu ceto. Innayatu ta ba shi wayarsa. Daga nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da kwando, tana miƙa wa kowa tasa. Wayoyi arba'in suka ɗaga suka fuskanci bishiya.

"Ya Maiwada!" Hajiya Bara'atu ta ƙwala masa kira. "Taƙi nawa yanzu?"

"Ku taimake ni!"

"Ka diro ka iyo mana! Ba a gidanku ake iyo kafin rarrafe ba?"

Daidai nan kututturen dabinon nan ya zagayo, ruwa ya juyo da shi, ya nufi gindin bishiyar da baki buɗe da fararen haƙora. Maiwada ya leƙo ƙasa ya gan shi.

"Kada! Wayyo Allah, kada! Jama'a kada zai cinye ni!"

Na ce, "Kai ka yi masa fenti, Maiwada!"

"Ban iya ruwa ba! Wallahi ban iya ba! Kakana tela ne! A bakin kasuwa yake ɗinki!"

Ko Malam Sharfaddeen sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. A saman dutse kuma gwaggon biri na zaune da malafa a hannu yana kallon ikon Allah. Baba Maigandi ya dube shi, ya dubi na kan bishiya, ya ce, "Yau dai an yi safari. Sai dai ban san wa ya zo kallon wa ba."

Kafin masu ceto su iso ruwan ya janye zuwa gwiwa, dama haka sail yake, ya zo a fusace ya wuce. Duk da haka Maiwada ya ƙi sakkowa sai da aka ɗaura masa igiya. Babban masu ceton ya wanke shi tas da Larabci, Innayatu na fassara masa da Hausa tana ƙara gishiri. A asibiti aka cire masa ƙaya ashirin da bakwai, aka ɗinke tafin hannun dama, aka naɗe hannuwan biyu da bandeji. Kafin magariba hotonsa ya kai unguwar Anbariyya, kafin wayewar gari ya kai Yawuri.

Kowa ya ɗauka zai janye. Wanda ya ɗauka haka bai san Maiwada ba. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi a falon taro cikin alkyabba mai bakin zinariya, hannuwa kamar an ɗaura masa dawo biyu. Ya nemi izinin magana.

"Jama'a, a yi adalci. Na ce za ku ga namun daji, kun gani ko ba ku gani ba? Na ce ba janareto, akwai? Na yi muku alkawarin kogi a Madina, kuka yi mini dariya. Kogi ya zo ko bai zo ba? Kuma ku je ku duba wurin yanzu, ko tsinke ban bari ba. Wane masauki ne a duniya ya kai wannan kare muhalli?"

Baba Maigandi, da yake shi ne dattijo, ya ce a ɗaga hannu. Masu son Malam Sharfaddeen: falo ya cika da hannuwa, matan bayan labule suka aiko cewa su duka suna nan.

"Masu son Maiwada?"

Ba hannun da ya tashi. Maiwada ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara agogo. A hankali hannu ɗaya ya tashi, fari fat da bandeji, a sama shi kaɗai. Maiwada ya juya wajen labule, ya sassauta murya.

"Umm Yasmin, ba a ji naki ba."

Labule ya ɗan motsa.

"Sauke hannun, ya Abu Yasmin," in ji Innayatu. "Likita ya ce kada ka ɗaga shi, ɗinkin zai buɗe."